Shan Iska Ranar Asabar

A shekarun da kuɗin man fetur suka fara shigowa, gwamnati ta yi wa ma'aikatanta alheri a jere. Ta ƙara albashi, sannan ta ce kowa ya zauna gida ranar Asabar. Ƙarin albashin bai wahalar da kowa ba, domin kuɗi sun san hanyar fita. Asabar ɗin ce ta zame mana aiki.

A lokacin muna zaune a gidajen ma'aikata na Kazaure. Ni ina koyarwa a firamare, maigidana kuwa malamin gona ne. Malam nake ce masa, kamar yadda kowa ke ce masa, shi kuma yana ce mini Malama. Mutum ne da Allah bai hore wa zama ba. Ko shayi a tsaye yake sha, yana leƙen taga kamar mai jiran baƙo. Asabar ta farko da ya wayi gari babu ofis, ya cire ƙofar kicin da ba abin da ya same ta ya sake kafawa, ya warware rediyo ya mayar har wasu kusoshi suka yi saura, sannan ya zo ya tsaya a kaina yana ba ni shawara kan yadda ake tankaɗe. Kafin azahar na fara roƙon Allah ya sa gwamnati ta sake tunani.

Ana cikin haka aka tura shi kwas Zariya. Ya dawo da mota da kuma ra'ayi. Motar ƙarama ce mai ƙusumbi, irin wadda injinta ke baya, wadda yara ke bi da gudu suna kiran kunkuru. Ra'ayin kuwa wurin wani Bature da ya koyar da su ya samo shi. Wai duk Asabar Baturen nan yakan zuba matarsa da 'ya'yansa a mota, su fita bayan gari, su shimfiɗa bargo a gindin bishiya, su ci abinci mai sanyi, su dawo.

Na ce, "Wa suke zuwa gani?"

Ya ce, "Ba kowa."

"To, me suke zuwa yi?"

"Ba komai. Amfanin abin ke nan. Shan iska ne, Malama, hutu. Mu ba mu iya hutu ba, shi ya sa kullum muke baya."

Yana faɗar haka yana zagaya tsakar gida da makullin mota a hannu.

Hutun ya fara tun daga yammacin Juma'a, kuma a kaina ya fara. Na fige kaji na soya, na yi dafa-duka, na cika gora da ruwa, na haɗa tabarmi da buta da risho, domin na ce ni dai 'ya'yana ba za su ci abinci mai sanyi ba alhali ba yaƙi ake yi ba. Yaranmu biyu a lokacin, babbar ta fara wayo, ƙaramin yana baya.

Roni muka fara zuwa. Damina ce, an gama noman farko, duwatsun nan sun yi shar, gero ya kai gwiwa. Ba zan ɓoye ba, wurin ya yi kyau. Malam ya zaɓi wata ƙatuwar tsamiya a gefen wata gona, muka shimfiɗa tabarma. Ya zauna, ya miƙe ƙafa, ya duba agogo, ya ce to a fara.

Ba mu daɗe da farawa ba sai ga wani mai keke. Ya sauka ya yi sallama, ya dubi mota, ya dube mu.

"Sannunku. Tsayawa ta yi?"

Malam ya ce, "A'a, lafiyarta lau. Iska muke sha."

Mutumin ya ɗaga kai ya dubi tsamiyar, ya sake dubanmu, ya ce, "A nan? To, Allah ya tsare." Ya hau kekensa ya tafi. Ashe a ransa ya yanke cewa kunya ce ta hana Malam faɗin gaskiya, don haka ya dawo da ƙarti majiya ƙarfi su tura. Malam yana rantsuwa, su kuma suna cewa ai ba komai, yi wa kai ne. Wani da ya taɓa yin yaron mota ya ce a bari ya duba inji, ya buɗe gaban motar, ya yi arba da tukunyar shinkafa. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya rufe a hankali ya koma gefe.

Sai ga mai gonar. Shi ya gane Malam. A shekarun nan kuwa gwamnati tana ta auna ƙasa, nan hanya, can madatsar ruwa, don haka ganin ma'aikaci zaune a gefen gonarka ba abin barka ba ne. Bai tsaya dogon zance ba ya tafi ya ɗauko dagaci. Malam ya shafe tsakar rana yana bayanin cewa ba awo ya zo ba. Da hankalinsu ya kwanta, sai suka ce tunda Allah ya kawo shi, akwai wata tsutsa da ta faɗa wa gero, ko zai leƙa. Ya leƙa gona ɗaya, maƙwabcinta ya ce tasa ma. Tun ina hango hularsa a cikin gero har na daina. Ni kuwa matan ƙauyen suka kewaye ni da ƙoren fura, suna yi mini sannu da wahala. Na miƙa musu kaji don kara, suka karɓa don kara, har ƙashi bai yi saura ba.

A hanyar dawowa, da laka har ƙwaurinsa da wata kaza da aka ba mu tana kuka a ƙarƙashin kujera, Malam ya ce, "Wurin ne bai dace ba. Mako mai zuwa inda aka san mu za mu je, inda ba mai tambayarmu."

Inda aka san mu shi ne Gwiwa, garin iyayena. Kwandon abincinmu ya ɓalle a Roni, don haka na zuba kayan a akwatina na ƙarfe, wanda aka kawo ni da shi. Malam ya ɗaure shi a kan mota, ya ɗora tabarmi da risho da tukunya. Ba mu aika cewa muna tafe ba, domin a cewarsa shan iska ba ya son shiri.

Inna tana bakin zaure tana sallamar wata maƙwabciya motar ta tsaya. Ta ga na fito da goyo ina jan babbar, ta ga ana sauke akwatin aurena da tukunyata, ga shi ba salla ba, ba suna ba, ba mutuwa ba. Ko gaisuwa ba ta bari na gama ba, ta ja ni ɗaka ta saki asabari.

"Me kika yi masa?"

"Wa?"

"Bakin nan naki. Tun kina ƙarama nake gaya miki. Ga shi boko ya ƙara masa kaifi."

Na ce, "Inna, lafiya lau muke."

Ta ce, "Haka kowa ke cewa."

A zaure kuwa Baba ya zaunar da Malam, ya aika aka kira ƙanensa da limamin unguwa. Malam yana gaban suruki, ya cire takalmi ya durƙusa, kai a ƙasa. Duk surutun nan nasa ya ɗauke. Baba ya fara da cewa zo mu zauna, zo mu saɓa. Ƙanensa ya karɓa ya ce mace sai haƙuri, shi ma da haƙuri ya kai inda ya kai. Liman ya jawo aya. Malam ya ɗauka nasiha ce irin wadda manya kan yi in sun samu yaro a zaune, yana ta cewa "haka ne, Allah ya ƙara girma." Sai da Baba ya ce, ko mene ne ta yi, a dubi 'ya'yan nan a mayar da ita ɗakinta, sannan ya gane inda aka dosa.

Ya ce, "Baba, ai ba abin da ya faru. Shan iska muka zo."

Ƙanen Baban ne ya ba ni labarin daga baya. Ya ce Baba ya daɗe yana jan carbi kafin ya ce, "Iskar Kazaure ta ƙare ne?"

Liman dai ya ce tunda an riga an taru, a yi addu'a. Aka yi. Har yau akwai tsofaffi a Gwiwa da suka yi imani aurena ya taɓa kaiwa bakin rami, addu'ar liman ce ta tare shi. Tun ina musu har na bari, domin na lura labarin yana yi wa sababbin aure amfani.

Daga nan zance ya bazu cewa akwai wata mota a gidajen ma'aikata da ke fita duk Asabar ba tare da dalili ba. Mutanenmu kuwa ba sa son ganin ɓarna. Tun daga masallacin Juma'a ake tare Malam.

"Malam, gobe ina za a sha iskar?"

In ya ce wajen Roni, sai a samu mai zuwa gaisuwar mutuwa can. In ya ce Yankwashi, akwai buhun da ya kwana biyu yana neman mai kai shi. Akwai ragon suna, akwai tsohuwar da za ta je ganin jika, akwai kwanukan amarya. Malam bai iya cewa a'a ba, su kuma sun sani. A hankali kujerata ta tafi, ta yara ta bi. Sai ya zama yana fita da safe da mota cike da jama'a, mu kuma muna ɗaga masa hannu daga bakin ƙofa.

A nan ne na ɗanɗani abin da Baturen yake nufi. Maƙwabcinmu malamin asibiti ne, mutumin ƙasar Jos, Kirista, kowa yana ce masa Likita. Matarsa tela ce, muna ce mata Maman 'Yan Biyu. Da motar ta sha kwana sai ta shigo da ɗinkinta, mu baje a inuwar darbejiya, yara su haɗu su yi ta ɓarnarsu. Ta koya mini gwate irin na garinsu, na koya mata dambu. Wani lokaci ba ma dafa komai, mu sayi ɗanwake mu ci mu kwanta. Da magariba Malam zai dawo yana warin rago da daddawa, ya zube a kujera, ya dube ni da tausayi ya ce, "Ki yi haƙuri, Malama, yau ma an bar ki a gida." Ni kuma in ce ba komai, ai haƙuri ya zama dole.

Likita ne ya ɓata mini wannan daɗin, kuma da kyakkyawar niyya. Ya ga abokinsa yana ramewa, ya ce masa, "Malam, abin nan naka ya zama tasha. Mu a garinmu ma mukan hau dutse ranar biki mu yini, amma ba ma shela. Ka yi shiru da bakinka. Ranar Asabar mu ɗauki iyali mu yi hanyar Babura, kafin gari ya farka mun yi nisa."

Aka tsara. Babura akwai kasuwa da kayan Nijar, mu mata mu duba atamfa, daga nan a nemi inuwa a bayan gari inda ba wanda ya san malamin gona. Malam ya riƙe sirrin da kyau. A masallaci ya ce wa masu tambaya gobe ba fita. Mutum ɗaya kawai ya gaya wa, domin ba ya tafiya bai sallame ta ba, wato mahaifiyarsa, Iya, da ke zaune cikin gari a gidan wansa.

Gari na wayewa muka buɗe ƙofa, muka tarar da ita zaune a kan dakali da ƙullin kayanta.

Malam ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Iya, lafiya da sassafe?"

Ta ce, "Ba Babura ka ce ba? Ina da ƙanwa a can, rabona da ita tun Turawa ba su tafi ba. Kuma kanwata ta ƙare."

Iya ta zauna a gaba. Ni da Maman 'Yan Biyu da yara huɗu muka cusu a baya, Likita ya biyo mu a kan babur ɗinsa. Iya ba ta yarda da motar ba. Ta ce abin da zuciyarsa ke wajen wutsiya ba abin amincewa ba ne. Ta riƙe ƙofa da hannu ɗaya, carbi a ɗayan, in Malam ya ƙara wuta ta ce ina ake kora, in ya rage ta ce da jaki ta hau da yanzu ta isa.

Mun bar kwalta mun shiga hanyar jar ƙasa, mun yi nisa, sai gabas ta haɗe. Kafin mu yi shawara ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Likita ya shige gaba ya laɓe a wata bishiya. Mu kuwa muka iso wani kwari da ruwa ya fara bi. Malam ya ce ba shi da zurfi, kuma gaskiyarsa, gaban motar ya haye lafiya. Bayan ne ya zauna cikin laka, ruwa ya shiga inda injin yake, ta yi tari ta mutu. Iya ta juyo ta dube shi.

Da ruwan ya tsagaita muka fito muka ga halin da muke ciki. Ƙoramar da muka wuce a baya ta cika ta batse, ta gabanmu ma haka. Ba gaba, ba baya. A kan wata jigawa kusa da mu akwai rugar Fulani, matansu sun fito suna kallonmu. Wata dattijuwa ta gangaro da sandarta, ta gaida Iya da Hausarta mai daɗi, ta karɓi yaron da ke bayana kamar jikanta, ta ce mu taho.

Suka ba mu bukka, suka hura mana wuta, suka ba mu zannuwa muka sauya aka shanya namu. Aka kawo kindirmo da fura mai ɗumi. Na buɗe akwatina na fito da kaji da shinkafa, aka haɗa aka ci tare. Abin da na lura da shi, ba wanda ya tambaye mu me ya kawo mu. Ba su bukatar tambaya. Dalilinmu yana can kwari, zaune cikin laka, kowa yana ganinsa.

Bayan azahar rana ta fito. Ban san yadda zan kwatanta yinin nan ba. Ciyawa ta wanku tana ƙyalli, ƙasa tana ƙamshi, 'yan maruƙa suna tsalle a bakin turke, yaranmu da na rugar suna bin fara. Ba tukunya a kan wuta da ke jirana, ba littattafan 'yan makaranta, kuma ko na so in tashi in yi wani abu, ba abin yi. Wata budurwa ta zaunar da Maman 'Yan Biyu tana yi mata kitso irin nasu. Tana zaune kai a sunkuye ta fara ba ni labarin garinsu, da duwatsun da ke bayan gidansu, da mahaifiyarta da ta rasu a can, ita kuwa tana nan Kazaure, labari bai iske ta ba sai bayan an binne. Shekara da shekaru muna katanga ɗaya, ba ta taɓa gaya mini ba sai ran nan. Na riƙe hannunta, mai kitso ta ci gaba da kitsonta.

Likita ya turo babur ɗinsa ya iso, jiƙe sharkaf. Ya ji abin da ya sami abokinsa a Roni, don haka da wani tsoho ya tambaye shi aikinsa, ya ce akawu ne. Ba wanda ke da bukatar akawu a ruga. Aka ba shi tabarma, ya kwanta ya rufe fuska da hula. Iya kuwa ta sha fura ta ƙoshi, ta yi hira da dattijuwar har suka gano wata tsohuwar zumunta ta wajen kakanni, sannan ta jingina da gindin wata ɗorawa, barci ya kwashe ta, har da minshari.

Malam yana kwari. Tun da muka hau jigawar bai biyo mu ba. Ya naɗe wando, ruwa har gwiwa, ya buɗe bayan motar yana goge wayoyi da hularsa. Ya shiga ya murɗa makulli, ya fito, ya sake gogewa. Ya tona laka da hannu, ta koma. Na aika yara su kira shi, ya ce yana zuwa. Da na ga la'asar ta kusa, na zuba abinci a kwano na gangara da kaina.

Na ce, "Malam, ka zo ka zauna. Abin nan da kake ta nema, ga shi can ya samu."

Ya ce, "Yaya zan zauna mota tana cikin laka?"

"In ka tsaya a kanta fita za ta yi?"

Ya karɓi kwanon ya fara ci a tsaye. Yana cikin ci ya ɗaga kai wajen jigawar, ya tsaya da tauna.

Ya ce, "Iya ce waccan?"

Na ce ita ce.

"Barci take yi?"

"Tun ɗazu."

Ya daɗe yana kallonta. Mahaifinsu ya rasu suna ƙanana, da surfe da ƙuli-ƙuli ta raine su. Ya ce, "Tun da nake, ban taɓa ganin Iya tana barcin rana ba." Na ɗauka zai hau ya zauna kusa da ita. Sai ya miƙo mini kwanon ya ce in gaya wa yara su rage hayaniya, ya koma bayan motarsa.

Da yamma masu kiwo suka dawo. Aka ɗaura wa bijimai igiya suka fizgo motar kamar ana cire ƙaya. Ta fito, amma ta ƙi tashi. A rugar muka kwana.

Da safe ruwa ya janye. Matan rugar suka shirya ƙorensu za su kai nono Babura. Iya ta ɗaure ƙullinta ta ce tafiya ta kama ta, aka ba ta jaki. Malam ya ce ta jira a gyara mota ya kai ta. Ta ce Allah ya yi masa albarka, ta gode, ta hau jakinta. Cikinmu duka ita kaɗai ta ga Babura a tafiyar nan. Sai da aka fara yankan gero ta dawo, da kanwarta da dabino da wata atamfa da ta ce ƙanwarta ce ta sayo mata da sefa, kuɗin Nijar.

Likita, wanda ranar ce Lahadin farko da na san bai je coci ba, ya hau babur ya tafi neman taimako. Ya dawo da wata motar itace. Aka ɗaure kunkuru a bayanta, mu mata da yara muka hau kan itacen, Malam ya zauna a motarsa yana riƙe da sitiyari. Haka muka shiga Kazaure da rana tsaka, a hankali, ta babban titi, ta gaban kasuwa. Tafiyar da aka yi a asirce, ba wanda bai ga dawowarta ba. Mutanen da aka ce wa ba fita suna tsaye a bakin hanya suna yi mana sannu, ba wanda ya tayar da zancen, wanda hakan ya fi ciwo.

Makon nan gidanmu bai rabu da masu barka da arziki ba. Ina dawowa daga makaranta zan ɗora tukunya. Na dama fura har hannuna ya yi kanta. Malam yana zaune a zaure da mura, murya a dishe, yana gaya wa duk wanda ya zo cewa wurin yana da kyau ƙwarai, iskarsa ba irin ta gari ba ce, ya kamata mutanenmu su koyi fita. Likita yana gefe yana gyaɗa kai, yana cewa shi shaida ne.

Motar tana wurin bakanike, ana jiran wani ƙarfe daga Kano. Da Asabar ta zagayo, masu saƙo suka zo kamar yadda suka saba. Ina jin su daga tsakar gida. Kowa ya iso ya ga ba mota a ƙofar gida sai ya ce, "Af, har ya fita," ya juya da buhunsa. Ba wanda ya yi sallama, ni kuma ban ga dalilin leƙawa in gyara musu zance ba.

Malam ya karya kumallo, ya sha maganin murar da Likita ya ba shi, ya ce bari ya ɗan kishingiɗa kafin ya je ya ga bakanike. Na kwashe yara na kai su gidan Maman 'Yan Biyu, na dawo na kashe rediyo, na ɗaure akuya nesa da taga. Na tashe shi ya yi azahar ido a rufe, ya koma. Ban taɓa ganin fuskarsa a sake haka ba, baki a ɗan buɗe, hannu ɗaya yana lilo a gefen gado.

Sai bayan la'asar ya farka. Ya dubi agogo, ya dubi inuwar da ta kai katanga, ya tashi zaune a firgice.

"Malama, me ya sa ba ki tashe ni ba? Ga shi an yi asarar yini guda, ba a yi komai ba."

Na ce ya yi haƙuri, mantawa na yi.

Ya yi alwala ya yi salla, ya ɗauko tsohon kekensa a bayan ɗaki, ya hura masa iska, ya tafi ya tsaya a kan bakanike.